Daminar da Aka Nemi Suna a Bakin Inna

Bana marka ta zaunar da mu. Rana sai dai a ji labarinta, wanki na rataye a igiya har ya fara tsami, gishiri ya narke a gwangwani, gwiwoyina kuwa ba a magana. Jiya da hantsi ina bakin ƙofa ina tsinkar zogale, sai matar da ke haya a ɗakin baya ta leƙo ta ƙwala wa ɗanta kira ya fito daga cikin ruwa. Ɗanta na fari ne fa. Suna gatsal, har da na ubansa ta haɗa masa, unguwa duk ta ji. Na yi dariya ni kaɗai. Can kuma na daina dariyar, don abin ya ɗauke ni ya kai ni wata damina a Kawo, nan Kaduna, wajen ƙarshen shekarun saba'in, lokacin da azumi ya faɗo tsakiyar ruwa, muka kusa rasa abin da muke nema saboda suna.

Ni karatuna bai wuce ajin yaƙi da jahilci ba, sai ɗan abin da maigidana ya ƙara mini a kan tabarma. In kun ga na karkace, ku miƙe da kanku. Amma kunne, alhamdu lillahi, abin da ya shiga ba ya fita.

Mu huɗu ne a ɗaki biyu na haya: ni Talatu, da Malam maigidana, da 'yarmu da ke goye a lokacin, da Inna mahaifiyarsa, wadda ya ɗauko daga ƙauye bayan rasuwar babansa. Malam ɗan jarida ne, amma ba irin mai tebur a ofis ba. Zaman kansa yake. Yau yana tasha, gobe yana Babbar Kasuwa, jibi ya hau bayan a-kori-kura zuwa wani ƙauye. Ya dawo ya zauna gaban tafireta ya buga, ya kai wa jaridar Hausa ko ta Turanci, su buga su sallame shi. Da ƙarar tafiretar nan muke tashi. Inna kullum sai ta yi mita, wai ƙarfen nan zai cinye mata kunne.

To a bazarar shekarar ya rubuta labarin takin zamani da aka ce an raba wa manoma. Ya bi ƙauyukan ya tarar ko buhun ba su gani ba, ya faɗi abin da ya gani. Ba wanda ya kore shi, don da ma ba a ɗauke shi ba. Sai dai in ya kai labari a ce ya ajiye, ya ajiye ɗin, shi ke nan an binne. Waɗanda suke shan shayi tare suka koma gaishe shi daga tsallaken titi. Yana bugawa kullum kamar da, ba wanda ke karɓa.

Ana cikin haka wani tsohon abokin aikinsa da ke Ingila ya yi masa hanya a wata mujalla mai ba da labaran Afirka, suna neman wanda ya san Arewa ciki da waje. Suka ce za su riƙe masa gurbin zuwa bayan ƙaramar salla. In ya samu izinin shiga ƙasar ya yi aiki, to. In bai samu ba su ba wani. Izinin kuwa ba a ba kowa, sai wanda ya nuna sana'arsa ce da gaske, ya daɗe yana yinta. Ya je wurin editan da ya fi yi wa aiki ya rubuta masa shaida, mutumin ya ce ya dawo gobe, goben nan har yau ba ta zo ba. Abin da ya rage masa shi ne labaransa da aka buga, waɗanda ya riƙa yankewa yana tarawa a akwatin ƙarfe ƙarƙashin gado.

Ranar da muka buɗe akwatin, warin fumfuna ya buge mu. Danshi ya shiga, takardun sun yi laushi kamar ganyen da aka turara. Na hura gawayi a dutsen guga, ina shimfiɗa tsohon kallabi a kai ina gogewa ɗaya bayan ɗaya, shi yana liƙa su da sitaci a manyan fararen takardu. Asabe mai ƙosai, maƙwabciyarmu ta ƙofar gaba, ta tsaya kanmu ta riƙe ƙugu.

“Talatu, yau kuma jarida ake wa guga? Ni ina can ina neman ta ƙunsa ƙosai, ku kuna nan kuna yi mata kwalliyar salla.”

“Wannan ta fi ƙarfin ƙosanki,” in ji Malam. “Ingila za ta.”

“To a gaishe su. In sun ƙi ta, ina nan.”

Azumi ya kama. Wanda bai yi azumin tsakiyar damina da aljihu fayau ba bai san shi ba. Ƙishirwa babu, gaskiya, amma yunwa tana shiga da sanyi har cikin ƙashi. Tsohon hatsi ya ƙare a kasuwa, sabo bai iso ba. Kananzir sai an yi layi, a kai kanka a ce ya ƙare. Itace kuwa duk jiƙaƙƙe, sai hayaƙi, in ka gama hura wuta idonka kamar wadda aka yi wa rasuwa. Matan gidan muka koma wuta ɗaya. Wadda tata ta kama, sai a bi da murfin kwano a ɗebi garwashi. Daka ma tare muke yi a zaure, don tsakar gida ta zama tafki. Rama da tafasa da zogale su suka riƙe mu, yau kwaɗo gobe fate, fate kuma wanda ganye ya fi tsaki yawa. Rana ba a ganinta balle a san ta faɗi, sai mu kasa kunne ga ladan, ruwa kuma na dukan kwano har ba a jin kira. Sau da yawa Asabe ce take ƙwalo mana, “An sha, an sha!” Rufinmu na yoyo, duk kwanukan jerena na sauko da su na tara, kowanne da irin kukansa.

A cikin haka Malam ya sa rigarsa mai kyau, ya naɗe takardun a leda ya rungume, ya tafi ofishin jakadancin Ingila. Da la'asar na ji takunsa tun daga zaure na san ba lafiya. Mutum in ya samu, dunduniyarsa ke fara faɗa.

“Malam, sun ƙi?”

“Ba su ƙi ba. Baturen ya karanta har yana kaɗa kai. Ya ce wanda ya rubuta waɗannan ɗan jarida ne, ba tantama.”

“To alhamdu lillahi!”

“Ya ce saura in nuna masa ni ne mutumin.”

Ga inda gizo ke saƙa. Sunan da ke kan labaran duk Anaruwa Kawo ne. Wannan na iya rubutawa, na unguwa ne, ko da yake bakina bai taɓa faɗa ba. Kakarsa ce ta laƙaba masa, da shi kowa ya san shi, da shi ya fara rubutu tun yana saurayi, bai taɓa kawo wa ransa wani abu ba. Fasfo kuwa takardar makaranta ya bi, sunan yanka ke ciki da na babansa. Ko harafi ɗaya ba su haɗa ba. Baturen ya ce a kawo rantsuwa daga kotu, ta mahaifi ko mahaifiya ko wanda ya halarci raɗin suna, cewa mai wannan suna shi ne mai wancan.

Na ce, “Ai da sauƙi, ga In...” sai na kama bakina.

Malam ɗan fari ne. Kuma sunan kakansa aka sa masa, surukin Inna ke nan. Kunya biyu a kan mutum ɗaya. Tunda ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, na yankan ko na unguwar. Ko sama ta ɓalle, Inna ba za ta ce “ana ruwa” ba, sai dai ta ce an samu albarka. In ya durƙusa gaishe ta, bango take amsa wa. In tana son magana da shi, ko yana zaune gwiwarsa na taɓa tabarmarta, ni za ta kira. “Talatu, tambayi mutumin nan ko kasuwa za shi.” Haka muke, kuma ba wanda ya taɓa ganin abin a bakin komai. Mu a wurinmu ita ce ƙauna. In naman miya ɗaya ne, ina gani za ta tura shi gefen kwanonsa tana kallon wani wuri.

Malam ya ce kada in kuskura in gaya mata. Akwai Baffa Sule, ƙanen babansa, shi ya riƙe ragon ma ranar suna. Washegari ya kama hanyar ƙauye da azumi a bakinsa. Kwanakin da ya yi ban san me na dafa ba. In hadari ya haɗo ta wajen da ya nufa, sai in fita zaure ina leƙen hanya. Ya dawo da taɓo har cinya, takalmi ɗaya a hannu. Kogi ya cinye gadar, masu kwalekwale sun ce ko ubansu ne ba za su tsallaka da shi ba sai ruwa ya ja. Ya zauna bakin gaɓa yana hango itatuwan garinsu, har ya gaji ya juyo. Azumi kuwa ya raba tsakiya ya fara gangarawa.

Ya ce, “Talatu, ke za ki yi mata magana.”

“Ni? Uwarka ce fa.”

“Da wane bakin?”

Na same ta tana tsinkar rama a bakin ƙofarta. Na zauna na ja ganye ina taya ta, na bi ta nesa, na yi zancen tsadar gero, na yi zancen yoyo, sannan na sauko. Ta saurara har na gama, hannunta bai tsaya ba.

“Su Turawan ba su da ido ne? Ga mutum, ga hotonsa.”

“Suna suke so, Inna. A gaban majistare.”

“To ke ba ki da baki?”

“Inna! Ni?”

“Kin gani. Ke da kika same shi da gemunsa kin kasa, sai ni.”

“Ko na iya ba za su karɓa ba. Ba a haife ni ba ranar.”

Asabe na jin mu daga wurin turmi. Ta ce, “Haba Inna, ki runtse ido ki haɗiye kamar maganin zazzaɓi. Suna ne fa, ba garwashi ba.”

“Ke rufe mana baki, mai kiran miji kamar ana kiran akuya.”

Muka yi dariya, har ita Innar ta murmusa. Sai ta ɗauki ganye ɗaya tana juya shi a hannu. Ta ce, ba tare da ta dube ni ba, “In na faɗa, tafiya zai yi?”

“Eh, Inna.”

“Can inda ba a zuwa da mota.”

“Can.”

“In ban faɗa ba fa?”

Ita ma ta san amsar. A nan hankalina ya ƙara tashi, don na gane ba kunya kaɗai muke fama da ita ba. Wa zai ce wa uwa ta buɗe baki da kanta ta faɗi kalmar da za ta raba ta da ɗanta?

Bayan kwana biyu ta ce za ta je, amma nuna shi za ta yi da hannu. Malam ya ce mu je a haka, wataƙila a dace. Muka shiga bas daga Kawo, ni da goyo, Inna a takure a gefe ta ƙanƙame mayafi. Kotun cike take da warin jiƙaƙƙun kaya. Majistaren dattijo ne mai tabarau, Bahaushe, mai sanyin murya. Inna ta yi alwala, aka kawo Alƙur'ani ta dafa.

“Inna, mene ne sunanki?”

“Hauwa'u.”

“Kin san wannan mutumin?”

“Na san shi.”

“Mene ne shi a wurinki?”

Ta dubi ƙasa. “A gidanmu aka same shi.”

Mutane suka fara ƙus-ƙus. Majistare ya gyara tabarau. “To mene ne sunansa?”

“Ga shi nan zaune, ranka ya daɗe, ka tambaye shi. Ya yi makaranta.”

“Ke nake tambaya.”

“Sunan surukina gare shi.”

“Shi surukin naki wa ye sunansa?”

“Uban maigidana ne.”

Kotu ta kwashe da dariya, har ɗan sandan bakin ƙofa. Ni kuwa gumi nake cikin sanyin nan. Akawun kotu ya miƙe ya ce, “Ranka ya daɗe, ɗan fari ne. Ko in karanta mata, ta ce eh?”

Majistare ya ce, “Na sani. Ni ma ɗan fari ne, har uwata ta koma ga Allah ban ji ba. Amma in ka faɗa mata, kai ka yi shaida ba ita ba. Abin da ake nema a ji shi ne ita ta sani. Ba zan sa hannu a kan abin da kunnena bai ji ba.” Ya juyo ga Inna. “Ki je ki yi shawara da zuciyarki. Ƙofa a buɗe take har a tashi hutun salla.”

Ruwa ya kama mu tun daga tasha, muka shigo gida sharkaf.

Daga ranar tafireta ta yi shiru. Malam ya rufe ta da tsumma ya tura ƙarƙashin tebur. Ban san ƙarar nan ce ke riƙe da gidan ba sai da ta ɗauke. Sai ɗigar yoyo a kwanuka, sai kukan kwaɗi a lambatu. Goman ƙarshe ta shiga, Malam ya koma masallaci ya zauna, in ya dawo ya sha kunu kurɓa biyu ya ture. Ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Maƙwabta na ta kai ɗinki, mu ko zancen ba ma yi. Inna ma ta daina mita, ta daina zolayar Asabe. Na lura da wani abu kuma. In ruwa ya tsananta yana dukan kwano, sai ta koma ƙuryar ɗaki ta juya baya, leɓɓanta na motsi. Na ɗauka tasbihi ne. Amma carbinta na rataye a ƙusa. Na kasa kunne iyakar iyawata, ni da ake cewa ina jin tafiyar tururuwa, ban tsinci komai ba. Ruwa na tsagaitawa, sai ta yi shiru.

Ana jibi ko gata salla, da la'asar, wuta ta ƙi kamawa. Ba kowa da garwashi a gidan, Asabe ta fita, itace na ta tsiyayar ruwa yana huci. Na hura har kaina ya yi jiri, ga magariba na matsowa, ko ruwan kunu ban ɗora ba. Sai ga Malam ya fito daga ɗaki da ledar nan. Ya zaro takardun da muka goge muka liƙa, ya miƙo mini.

“Ungo. Sun bushe sarai, za su kama. Abin da ya rage ki ba Asabe, ta daɗe tana so.”

“Malam, ka san abin da kake yi?”

“Na sani. Ki ce wa Inna ta kwantar da hankalinta, na haƙura. Ba zan sake kai ta gaban mutane su yi mata dariya ba. Bayan salla zan nemi ko jiran shago ne.”

Ya sa takalmi ya fita. Na tsaya da takardu a hannu, hayaƙi na shiga idona, na rasa hawayen na hayaƙin ne ko nawa. Ban ji zuwan Inna ba, sai hannunta na gani ya kama gefen takardar. Ta karɓe su duka. Ita ko alif na boko ba ta sani ba. Ta ɗaga ta sama ta juya ta, ta sa yatsa a kan baƙin rubutun da ke ƙarƙashin kan labari.

“Wannan ne shi?”

“Shi ne, Inna.”

Ta buɗa ta gaba. “Nan ma?”

“Nan ma. Duk shi ne.”

Ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana shafawa, kamar mai shafa kan jariri. Sannan ta rungume su ta shige ɗakinta, ta fito da tsohuwar tabarmarta ta kaba, wadda ta zo da ita daga ƙauye, ta yage gefe ta cusa mini a murhu. Nan take ta kama.

“In mutumin nan ya dawo, ki ce masa ya nemo lema. Gobe da sassafe.”

Gobe ita ce ranar aiki ta ƙarshe, don kowa na cewa za a ga wata. Ruwa ya fara tun asuba. Motoci a Kawo duk sun koma ɗaukar masu tafiya gida salla, muka daɗe a tsaye kafin mu samu ta cikin gari, ita ma ta mace a cikin ruwa a hanya sai da aka tura. Ina ta kallon sama ina lissafin ko an tashi. Muka isa kotu ta kusa watsewa, akawu na haɗa takardu, majistare ya riga ya cire tabarau. Da ya ga Inna, ƙafafunta duk caɓi, sai ya mayar da shi.

Ta yi alwala, ta dafa Alƙur'ani.

“To Inna, wane ne wannan?”

“Ɗana ne. Ni na haife shi.”

Ko wannan ban taɓa ji daga bakinta ba. Malam ya sunkuyar da kai.

“Sunansa?”

Ta buɗe baki. Daidai nan ruwa ya ƙaru, rufin kotun na kwano ya ɗauki ƙara kamar ana zuba tsakuwa. Na ga leɓɓanta sun motsa, irin motsin ƙuryar ɗaki.

Majistare ya karkato kunne. “Ban ji ba, Inna. Ɗaga murya.”

Ta sake gwadawa, abin ya tsaya. Ta dubi bango, ta dubi ƙasa, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Akawu ya saci kallon agogo. Ni dai ina ta karanto duk addu'ar da na sani, goyona na ta mutsu-mutsu.

Sai Malam ya miƙe. Ya ce, “Ranka ya daɗe, a bar ta haka. Na gode.” Ya juya ya nufi ƙofa, ya bar lemar a kan benci, ya bar takardun, ya sauka daga baranda ya shiga cikin ruwan nan da ko kare ba zai shiga ba, kansa ko hula babu.

Inna ta waiwaya ta gan shi. Ta saki mayafin.

“Isiyaku! Dawo nan, ba ka ga ruwa ba?”

Muryar ta fi ƙarfin kwanon. Ban san tana da irinta ba. Ya tsaya cak a tsakiyar fili, ruwa na zuba a kansa, mutum mai gemu da 'ya, ya juyo a hankali kamar wanda aka tasa daga barci.

“Na'am, Inna.”

Ba wanda ya yi dariya. Ɗan sandan nan ya kau da kai. Majistare ya daɗe yana goge tabarau da bakin rigarsa kafin ya ɗauki alƙalami. Har yau ban sani ba, don majistare ta yi ko don ruwan.

Majistare ya ce a hankali, “Na ji wannan. Ɗayan fa, na jarida?”

“Anaruwa,” in ji Inna, da sauri kamar mai sauke tukunya mai zafi. “Kakarsa ce ta sa masa. Irin wannan ruwan ake ranar, ɗakin ma rabinsa ya zube, a kan buhun gero na haife shi, ungozoma ba ta iso ba sai da ya yi kuka. Ƙarami ne kamar ɓera, kowa ya ce ba zai yi ba. Ni na san zai yi.” Malam na tsaye bakin ƙofa yana ɗiga, yana jin abin da ba a taɓa gaya masa ba. Ta dangwala yatsa, aka buga hatimi.

Muna fita ta ja mayafi ta rufe fuska ruf. Malam ya buɗa lema ya riƙa mata, shi yana cikin ruwa. Mun yi 'yar tafiya sai ta ce, “Talatu, ki ce wa mutumin nan ya riƙe lemar da kyau, yana jiƙa ni.”

Ana komawa aiki bayan salla ya kai rantsuwar, aka ba shi izini. Kafin a fara cin sabon gero ya tafi, da tafiretarsa a hannu. Ni ban bi shi ba, ni da ko Babbar Kasuwa sai ta kama dole, kuma wa zai zauna da Inna? Ranar tafiyar ya durƙusa ya yi mata sallama, ta amsa wa bango, ta ce in gaya masa ya riƙa rufe ƙirjinsa. Ya riƙa aiko mana da mujallar, wannan karon da sunan fasfo a kai, Inna ta sa in nuna mata wurin ta ɗora yatsa. Damina ta biyu da tafiyarsa ta kwanta, ba ta tashi ba. Bai same ta ba.

Ya dawo daga baya, muka tsufa tare a nan Kaduna, ya yi ta aikinsa har ido ya ƙi. Bai cika zancen ranar ba. Amma in marka ta kama irin ta bana, sai ya ja kujera bakin ƙofa ya zauna yana kallon tsakar gida, in na yi magana ya ɗaga mini hannu, kamar mai jiran a kira shi.

Ni dai har ya koma ga Allah ban taɓa faɗar sunansa ba. A nan ma ku duba, sau ɗaya na rubuta na yankan, kuma ba ni na faɗa ba. Inna ce.